Babi na Uku: Daga Maɗiga Zuwa Dunduniya

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwanon farfesun kan rago bayan Babbar Sallah ya san wani abu game da muƙamuƙi. Idan kan ya dahu luguf, ka kama muƙamuƙin ƙasa ka ɗan banƙara shi, sai ya rabe gida biyu daga tsakiyar haɓa, dama da hagu, kowane ɓari da jerin haƙoransa. A jikin rago, ƙashi biyu ne aka haɗa. To, kai hannu ka shafa taka haɓar. Ɗaya ne ko biyu?

An shafe fiye da shekara dubu likitoci suna amsa wannan tambaya ba daidai ba. Jalinus, Bagirken likitan da aka haifa a shekarar 129 a Fargamon, cikin Turkiyya ta yau, ya rubuta cewa biyu ne. A Rum ta zamaninsa ba a yarda a feɗe gawar mutum ba, don haka birai da aladu da karnuka ya riƙa feɗewa, abin da ya gani a jikinsu ya ɗora wa ɗan Adam. Aka fassara littattafansa zuwa Larabci, aka karanta su daga Bagadaza har Andalus, almajiri yana karɓa daga bakin malami, babu mai musu.

Wajajen shekarar 1200 kogin Nilu ya ƙi cika, yunwa ta faɗa wa Masar, mutane suka yi ta mutuwa har masu binnewa suka gaza. A lokacin akwai wani malami kuma likita a Alƙahira, Abdullaɗif al-Bagdadi, mai koyar da littattafan Jalinus ɗin nan. Aka ba shi labarin wani tudu a gefen gari inda ƙasusuwan mamata suka taru, ya tafi ya duba. Ya ɗauki muƙamuƙi ya jujjuya, ya ɗauki wani, ya sake ɗaukar wani, ya sa wasu mutane su ma su duba ba tare da shi ba. Ko ɗaya bai rabu biyu ba. Ya rubuta abin da ya gani a littafinsa Al-Ifada wal-I'itibar, yana mai girmama Jalinus, amma ya tsaya a kan cewa abin da ido ya shaida ya fi ƙarfin abin da aka karanta. Gani ya kori ji. Maganarsa ba ta yaɗu ba, sai a 1543 Andreas Vesalius, malamin feɗe gawa a jami'ar Faduwa ta Italiya, ya sake gano haka da hannunsa ya buga wa duniya.

Na fara da wannan labari ne saboda na san yadda ɗalibanmu ke tunkarar darasin ƙashi. Mu mutane ne masu baiwar hadda, tun daga makarantar allo aka horar da mu, kuma ina alfahari da hakan. Amma na sha ganin ɗalibin da zai jero maka sunayen ƙasusuwan wuyan hannu takwas babu gargada, ka miƙa masa hannunka ka ce ya nuna maka guda, ya tsaya yana kallonka. Sunayen suna da amfani, kuma za a tambaye ka su a jarrabawa. Sai dai ranar da aka kawo maka yaron da ya faɗo daga kan mangwaro, yatsunka ne za su yi aikin. Saboda haka ka karanta wannan babi hannunka ɗaya a kan takarda, ɗaya a jikinka.

Da jariri Jalinus ya duba, da ya yi daidai. Muƙamuƙin jariri ɓari biyu ne, suna haɗewa su zama ɗaya wajen cikar shekararsa ta farko. Haka abin yake a wurare da dama, shi ya sa ake haihuwar mutum da ƙasusuwa kimanin 270, yawancinsu da sauran guringuntsi, su yi ta haɗewa har su tsaya a 206 idan ya girma. Wannan adadi shi ne na mafi yawan mutane. Akan samu mai ƙarin haƙarƙari a wuya, ko ƙananan ƙasusuwa irin ƙwayar riɗi a cikin jijiyoyin yatsu. An kasa su gida biyu: 80 na gangar jiki, wato kai da gadon baya da ƙirji, sai 126 na rassa, wato hannuwa da ƙafafu da ƙasusuwan da suka rataye su. Haƙora 32 ba sa cikin lissafin.

Busasshen ƙashin da ke cikin akwatin ɗakin gwaji yakan yaudari ɗalibi ya zaci abu ne matacce kamar dutse. A jikin mai rai ƙashi jiƙaƙƙe ne, jini na gudana a cikinsa, yana jin ciwo, yana warkewa. Abu biyu aka cakuɗa aka yi shi, kuma kana iya raba su a gida. Jiƙa ƙashin cinyar kaza a binega na mako guda, sinadarin kalsiyam zai narke, ƙashin ya koma yana lanƙwasuwa kamar roba. Jefa wani a garwashi, wuta za ta cinye zaren furotin da ke riƙe da shi, ya fito fari fat, kana murzawa yana marmashewa. Magina na gargajiya sun san wannan hikima: ƙasa ita ke ɗaukar nauyi, ramno ke hana ta tsagewa. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana ajiye a ƙashi da haƙori. Akwai ƙwayoyin halitta masu rushe tsohon ƙashi da masu gina sabo, suna aiki dare da rana, har sukan sabunta kimanin kashi 10 cikin 100 na kwarangwal ɗin babban mutum kowace shekara. A cikin ɓargo kuwa ake ƙera jini, jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 2 a kowane sakan.

Idan kayan ginin suka yi ƙaranci, ƙafafun yaro kan lanƙwashe da zarar ya fara tafiya. Littattafan Turai sun ɗora laifin wannan ciwo a kan rashin hasken rana da bitamin D, abin da ya sa aka daɗe ana mamakin yawansa a ƙasar da rana ke dukan kowa. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa yaran da aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Abincin ne babu kalsiyam: hatsi safe da yamma, nono da kifi sai jefi-jefi. Ga darasin al-Bagdadi ya sake dawowa, a wannan karon a kan tsaunin Filato.

Mu koma kai. Ƙasusuwa 22 ne, takwas sun kewaye ƙwaƙwalwa, 14 sun gina fuska. Takwas ɗin su ne na goshi guda, na saman kai biyu, na gefen kunne biyu, na ƙeya guda, sai wasu biyu da ke ɓoye a ƙasan ƙoƙon: ɗaya mai fukafukai kamar malam-buɗe-littafi, ana kiransa sifinoid, ɗayan mai huje-huje kamar rariya a rufin hanci, inda jijiyoyin shaƙar ƙamshi ke ratsawa, shi ne etmoid. Idan ka duba inda suka haɗu za ka ga layi mai karkace-karkace, sak ɗinkin da gyartai ke yi wa fasasshiyar ƙwarya. Turawan da suka raɗa wa wurin suna ma ɗinki suka kira shi. A ƙasan ƙashin ƙeya akwai babbar kafa inda ƙwaƙwalwa ke zarcewa ta zama laka.

Kan jariri ba a gama ɗinke shi ba, kuma rahama ce: ƙasusuwan na iya hawa kan juna kaɗan lokacin haihuwa, sannan ƙwaƙwalwa ta sami wurin girma. Gurbin da ya rage shi ne maɗiga. Ta baya ƙarama ce, takan rufe cikin wata biyu zuwa uku. Ta gaba, wadda kowace uwa ta sani, takan kai wata 18, wani lokaci har shekara biyu. Ina so ɗalibi ya riƙe wannan da kyau, domin maɗiga taga ce da ake leƙa cikin jikin jariri. Idan ta lotsa, iyayenmu kan ce ta faɗa, a kwaɓa magani a shafa a kai. Abin da ya faru shi ne ruwan jikin yaron ya ƙare, galibi saboda gudawa ko amai, kuma abin da yake buƙata ruwan gishiri da sukari ne da nonon uwa, idan ya galabaita kuma ƙarin ruwa a asibiti. Idan kuwa ta kumbura ta yi tauri alhali yaron ba kuka yake ba, ga zazzaɓi, a yi tunanin sanƙarau, a gaggauta. Iyaye mata sun riga mu lura da maɗiga; fassarar abin da suka gani ita ce aikinmu.

Sa yatsa tsakanin gefen idonka da saman kunnenka, ka ɗan matsa sama. A nan ƙasusuwa huɗu suka haɗu, ƙoƙon ba shi da kauri, kuma wata jijiyar jini na kwance a bayansa. Mutum ya faɗo daga babur ya bugu a nan, ya tashi ya karkaɗe riga ya ce lafiya lau. Jini na taruwa a hankali tsakanin ƙashi da rigar ƙwaƙwalwa. Bayan 'yan sa'o'i ya ce kansa na ciwo, ya kwanta, a kasa tashinsa. Duk lokacin da na ga ɗan acaɓa ya rataye hular kwano a hannun babur, wannan wurin nake tunawa.

Ƙasusuwan fuska ba za su ba ka wahala ba. Muƙamuƙin sama biyu ne, su ke riƙe da haƙoran sama. Na kunci biyu. Na karan hanci biyu ƙanana, domin yawancin hanci guringuntsi ne. Sauran suna cikin kwarmin ido da kogon hanci da ganɗa. Muƙamuƙin ƙasa shi kaɗai ke motsi, kuma za ka ji gaɓarsa idan ka sa yatsa gaban kunne ka buɗe baki. A can cikin kunne akwai ƙasusuwa uku kowane gefe, sunayensu kamar a Hausa aka raɗa: guduma, uwar maƙera, da likkafa. Likkafar ita ce mafi ƙanƙantar ƙashi a jiki, kimanin milimita 3, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, amma siffarta ba ta da maraba da wadda mahayi ke zura ƙafa ranar hawan daushe. Ƙarƙashin haɓa kuma akwai wani mai siffar harafin U da ke riƙe da tushen harshe, wanda bai haɗa gaɓa da kowane ƙashi ba, tsoka da jijiya ne suka rataye shi.

Gadon baya jerin ƙasusuwa ne 33 tun asali: bakwai a wuya, 12 a bayan ƙirji, biyar a kwankwaso, biyar da ke haɗewa su zama faffaɗan ƙashi guda da ake kira sakram, sai huɗu na can ƙarshe da ke zama ɗan guntun da ɗaliban hadisi suka sani da ajbuz-zanab. Shi ya sa a babban mutum ake ƙirga 26. Bakwai ɗin wuya ba namu ne mu kaɗai ba. Raƙumi da raƙumin dawa, duk tsawon wuyansu, bakwai gare su. Na farko, atlas, zobe ne kawai da ke tallafe da kai, a kansa kake gyaɗa kai ka ce i. Na biyu, aksis, yana da ɗan turke da ya shiga cikin zoben, a kansa kake juya kai lokacin sallame salla. Sunkuyar da kai ka shafa bayan wuyanka, tudun da ya fi fitowa yawanci shi ne na bakwai, daga nan ake fara ƙirga na ƙasa.

Laka na bi ta cikin ramin da waɗannan ƙasusuwa suka yi, kuma a nan nake so in daɗe. Jijiyoyin da ke motsa babbar tsokar numfashi suna fitowa ne daga mataki na uku zuwa na biyar a wuya. Wanda ƙashin wuyansa ya karye a hatsari yana iya kasancewa lakarsa ba ta taɓu ba tukuna. Sai jama'a su taru, da kyakkyawar niyya, wannan ya kama hannu wancan ya kama ƙafa, kai na reto, a cusa shi a a-daidaita-sahu. Tsakanin bakin titi da ƙofar asibiti ake rasa ƙafafun da hatsarin bai ɗauke ba. A kwantar da shi a kan abu mai faɗi da tauri, ko da ƙyauren ƙofa ne, mutum guda ya riƙe kan daidai da jiki kada ya juya. Ɗalibin da ya koya wa 'yan unguwarsu wannan kaɗai ya ci riba a karatunsa.

Lakar ba ta kai ƙarshen gadon baya ba, takan tsaya wajen ƙashin kwankwaso na farko ko na biyu. Saboda haka idan za a ɗebi ruwan baya don gwajin sanƙarau, ko a yi wa mai haihuwa allurar kashe zafi, ƙasa da nan ake sokawa. Dafa ƙugunka da hannu biyu: layin da ya haɗa saman ƙasusuwan da ka taɓa yana ratsa na huɗu, shi ne alamar da likita ke nema. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai faifan guringuntsi masu laushi da ke shanye jijjiga, kuma na ƙasan kwankwaso, masu ɗaukar mafi yawan nauyi, su suka fi zamewa su danne jijiya, ciwo ya sauka har ƙafa. Tarin fuka ma yakan kama gadon baya ya cinye gaban ƙashin, bayan ya karye ya yi doro. Likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana shi a 1779, kuma har yau ana ganinsa a asibitocinmu.

Haƙarƙari 12 ne kowane gefe, ga namiji ga mace, babu bambanci. Rago yana da 13, sai a kula. Bakwai na sama kowane ya isa ƙashin ƙirji da guringuntsinsa, uku na biye sun rataya a na samansu, biyu na ƙarshe ba su iso gaba ba sam. Sa yatsa a ramin da ke gindin maƙogwaro, ka gangaro kamar faɗin yatsu uku, za ka ji ɗan tudu a kwance. Haƙarƙari na biyu ne ya haɗu a nan, kuma daga shi ake ƙirga sauran, domin na farko ya ɓuya. Na ƙasa suna kare fiye da huhu: hanta tana dama, saifa tana hagu a bayan na tara zuwa na 11, ƙoda tana baya. Wanda ya karye a nan, a duba cikinsa.

Hannu an yi shi ne don ya kai ko'ina, shi ya sa aka sassauta masa ɗauri. Allon kafaɗa yana shawagi ne a cikin tsoka, kuma abin da ya haɗa hannu gaba ɗaya da gangar jiki shi ne siririn ƙashin da ya ratsa daga saman ƙirji zuwa kafaɗa, kilabikul. Rago ba shi da shi. Shi ne ƙashin da ke fara ƙarfi tun ɗan tayi na da mako biyar zuwa shida, shi ne kuma ke gama girma a ƙarshe, wajen shekara 25, kuma yana cikin waɗanda suka fi karyewa. Kan ƙashin damtse, humaras, ya fi ƙarfin ɗan gurbin da yake zaune a ciki, don haka kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa yawan gocewa. Wata jijiya ta naɗe tsakiyar wannan ƙashi ta baya; idan ya karye a nan, hannu kan langaɓe daga wuyansa, mutum ya kasa ɗaga shi. Wata kuma tana bi ta bayan tudun gwiwar hannu na ciki, ita ce ke ba ka zir har ƙaramin yatsa idan ka bugu.

Dab da gwiwar hannu, ƙashin damtsen yaro ya yi faɗi ya yi siriri, kuma a nan yake karyewa idan ya faɗo ya dafa ƙasa. Babbar jijiyar jinin hannu tana gabansa kai tsaye. Ba na cikin masu raina maɗora. Sun gaji sanin ƙashi ta hanyar taɓawa, suna kusa da jama'a, kuma karaya da yawa sun warke a hannunsu. Amma karan ɗori da aka ɗaure tam a kan gwiwar da ke ci gaba da kumbura yana toshe jini. Yaro ya kwana yana ihu, a ce ai ɗori ya gaji haka. Bayan kwana biyu ya daina kuka, yatsun sun yi sanyi sun yi baƙi. Na ga yara irin wannan an kawo su a makare, abin da ya rage kawai a yanke hannun don a ceci rai, kuma likitocin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da takwarorinsu sun daɗe suna kokawa a kan haka. Alamomin ba su da wuyar koyarwa: ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ciwo mai tsanani idan aka miƙe yatsun, yatsu su yi sanyi ko su daina ji. A kwance ɗaurin nan take, a tafi asibiti. Ka iya faɗin wannan da Hausar da kakar yaron za ta gane.

Ɗaga tafukanka sama kamar mai addu'a. A haka ƙasusuwan sangalin hannu biyu suke jere: radiyas a gefen babban yatsa, alna a gefen ƙarami. Kife su a kan cinya kamar mai zaman tahiya, radiyas ya mirgina ya haye alna. Ƙarshen radiyas na wajen wuyan hannu shi ke karyewa idan tsohuwa ta zame ta dafa ƙasa. A yaro kuwa ƙashin kan tanƙware ya tsage gefe guda kamar ɗanyen icce. A wannan wurin dai akwai faifan guringuntsin da ƙashi ke tsawo ta cikinsa, wanda ke rufewa idan girma ya ƙare. Shi hukumar FIFA ta fara dubawa da na'urar MRI don tantance shekarun 'yan wasa a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda Najeriya ta karɓi baƙunci, har aka buga wasu wasannin a Kano da Kaduna da Bauchi. Hannu kansa ƙashi 27 ne: takwas a wuyansa, biyar a tafi, 14 a yatsu, babban yatsa na da biyu sauran uku-uku. Cikin takwas ɗin ka fi kula da mai siffar kwale-kwale, sikafoid, da ke ƙarƙashin ɗan ramin gindin babban yatsa. Karayarsa kan ɓuya a hoton farko, a ce targaɗe ne, alhali jini ta ƙarshensa yake shiga ya komo baya, don haka guntun da ya rabu kan iya mutuwa.

Ƙugu akasin kafaɗa ne, an ɗaure shi gam don ɗaukar nauyi. Kowane ɓari ƙashi uku ne da suka haɗe a shekarun balaga, a daidai kwarmin da kan ƙashin cinya ke shiga. Na mace ya fi faɗi, ƙofarsa ta fi zagaye, kuma da shi masana suka fi gane jinsin kwarangwal. Akwai gaskiya guda game da shi da ta wuce jarrabawa. Hanyar da jariri ke bi a cikin ƙugu tana ci gaba da faɗaɗa shekaru bayan yarinya ta fara al'ada, har bayan tsawonta ya kusa tsayawa, kuma yarinyar da ta tashi cikin ƙarancin abinci nata ya fi zama matsattse. Idan kan jariri ya fi ƙarfin ƙofar, naƙuda ta yi kwanaki, kan yakan matse mafitsara a jikin ƙashin gaba har naman ya mutu ya huje. Wannan shi ne asalin mafi yawan yoyon fitsarin da ake yi wa aiki a asibitin Babbar Ruga na Katsina. Ƙashi ba ya buɗewa don an yi haƙuri. Naƙudar da ta wuce yini ba ci gaba tana neman asibitin da ake tiyata.

Ƙashin cinya, fima, shi ne mafi tsawo da ƙarfi, kusan rubu'in tsayin mutum. Idan ya karye, jinin da ke zuba a cikin cinya ba tare da an gan shi ba kan haura lita guda. Rauninsa na wuyansa, inda ya karkata ya shiga ƙugu, domin jijiyoyin da ke ciyar da kansa a jikin wuyan suke bi. Tsoho ya faɗi a banɗaki, ƙafa ta gajarce ta juya waje, to nan ne. Mu kuma muna da ƙarin dalilin sanin wannan wuri: Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, kuma lanƙwasassun ƙwayoyin jininsu kan toshe waɗannan ƙananan jijiyoyi har kan ƙashin ya mutu ya lotsa. Matashi mai sikila da ya fara ɗingishi yana kukan ciwon kwatangwalo, ko ma na gwiwa, a ɗauki hoton ƙugunsa da wuri.

Ƙoƙon gwiwa ya tsiro ne a cikin jijiyar tsokar cinya, kuma guringuntsi ne zalla har yaro ya kai shekara uku zuwa shida. Ƙasa da shi akwai ƙwauri, tibiya, mai ɗaukar kusan dukkan nauyin, da siririn abokinsa na waje, fibula, wanda likitoci kan yanki tsakiyarsa su yi wa wani ƙashin faci, mutum ya ci gaba da tafiyarsa. Shafa gaban ƙwaurinka, fata ce kawai a kan ƙashi. Shi ya sa karayarsa kan fasa fata, ƙura da ƙwayoyin cuta su shiga, warkewa ta yi nisa. Idon sawu na ciki ƙarshen tibiya ne, na waje ƙarshen fibula. Ƙafa na da ƙashi 26, bakwai a baya, biyar a tsakiya, 14 a yatsu, mafi girmansu na dunduniya. Haɗa hannuwa biyu da ƙafafu biyu ka sami 106, fiye da rabin ƙasusuwan jiki.

A babi na gaba za mu shiga gaɓoɓi. Kafin nan, ka bi jikinka daga maɗiga zuwa dunduniya, ka taɓa duk wurin da na ambata ka kira sunansa da Hausa da kuma na littafi, sannan ka nemi ƙanenka ko abokin karatunka ka nemo su a jikinsa, domin na wani ba ya zama daidai da naka. Ranar da aka buɗe maka akwatin ƙasusuwa a ɗakin gwaji kuma, ka tuna cewa idan ba na roba ba ne, to wani bawan Allah ne da ya yi tafiya da su, yana da uwa da suna. Kada ka yi rubutu a kansu, kada ka yi wasa da su. Ƙoƙon kai da hannu biyu ake ɗaukarsa, kuma kada ka zura yatsu a kwarmin idon, ƙashin wurin bai fi takarda kauri ba.